Kundin shirin karatun “Masu Tafiya da Masu Zama”

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Yau muka tsayar da magana. Ranar Talata 26 ga Agusta, wato Ranar Hausa, za mu tsaya gaban jama'a mu karanta rubutun da na yi wata huɗu ina fama da shi. Ba wasan daɓe ba ne. Babu rawani da alkyabba, babu takobin katako, babu mai faɗuwa ƙasa. Mu huɗu ne, kowa da takardarsa a hannu, sauran aikin kuma na murya ne. An ba mu zauren wata makarantar sakandare a nan Kano, da minti 40 tsakanin La'asar da Magariba.

Labarin na shekarar 1903 ne. Ranar 3 ga Fabrairu Turawa suka ci Kano, Sarki Alu ba ya gari. Ranar 15 ga Maris suka ci Sakkwato bayan karon Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ko wata shida bai cika a kan gado ba, ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, ya ɗauki hanyar gabas, jama'a kuwa suka riƙa barin gonaki da gidaje suna bin sa. Waziri Buhari da wasu malamai suka tsaya, suka zaɓi su zauna da waɗanda ba su iya tafiya ba. Rubutuna bai shiga fada ba. Ban sa wa Sarkin Musulmi magana a baki ba, ban sa wa Waziri ba, don ba ni da hurumin ƙirƙira musu abin da ba su faɗa ba. Na tsaya a wani ƙauye na ƙasar Kano, daren da ayarin ya sauka kusa da su. Muryoyi huɗu: Uwa, Ɗanta saurayi da ke son bin ayari, Limamin ƙauyen da ya ce ba ya tafiya, da Baƙo Basakkwace wanda shi ne kuma mai ba da labari.

Yaya ce za ta karanta Uwa. Ba ciki ɗaya muka fito ba, amma tun muna yara haka nake kiran ta, kuma ta yi shekaru tana karanta littattafai ga matan unguwa da dare. Wani tsohon ɗalibina zai ɗauki Ɗa. Abokina zai ɗauki Liman. Ni na ɗauki Baƙo.

Asabar, 12 ga Yuli

Karatun farko a zauren gidanmu, a kan tabarma. Minti 58. Dole a zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya fi damuna ba tsawon ba ne. Jimlolin da na fi alfahari da su a takarda su ne suka fi sarƙe harshe. Akwai wadda ɗalibina ya yi numfashi sau uku kafin ya kai ƙarshenta. Rubutun ido na yi, ga shi kunne za a ba.

Laraba, 16 ga Yuli

Na kai wa Malam takardun. Shi ya koyar da ni Hausa a aji uku na sakandare, yanzu ya yi ritaya, idonsa ya yi rauni. Ya ce, “Kar ka miƙo mini. Karanta mini, ai abin ji ne.”

Ban yi shafi biyu ba ya ɗaga hannu. Na karanta “muka kwana a gindin kuka”, na ɗaga ƙarshen kalmar kamar kukan hawaye. Ya ce, “Ɗana, itacen kake nufi ko hawayen? Itacen muryarsa sauka take yi a ƙarshe.” Na san wannan tun ina goye, bakina bai taɓa kuskure shi a hira ba. Amma da ido ya kafe a kan takarda, sai baki ya bi harafi ya manta da ma'ana. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Gari na mutane da gari na tuwo iri ɗaya suke a shafi. Wuyan da ake rataya laya da wuyar da ake sha, haka. Mai karatu a zuci yana da damar komawa baya ya gyara. Mai karanta wa jama'a da zarar ya furta, ta fita ke nan.

Sai Malam ya ba ni aiki: duk kalmar da ke da fuska biyu in ja mata layi da jan biro, in sa ɗigo a ƙarƙashin gaɓar da murya ke sauka, in ninka wasalin da ake ja. Wurin numfashi in sa sanda ɗaya, wurin shiru sanda biyu. Na kwana biyu ina yi. Takardar ta koma kamar allon da aka yi wa zayyana, amma yanzu tana magana.

Kafin in tashi ya ƙara da cewa Sakkwatancina na aro ne. Na rubuta “munka” da “sunka” da “tahi” da “mi”, duk daidai, amma in na furta sai ka ji Bakano ya sa rigar wani. Ya ce mutanen Sakkwato da Zamfara ba za su rasu a cikin masu sauraro ba, kuma ba daidai ba ne su ji kamar ana kwaikwayon su a labarin da ya shafi kakanninsu.

Asabar, 19 ga Yuli

An yanke zuwa minti 44. Na cire dogon bayanin yadda aka shiga Kano ta Ƙofar Kabuga, da na Kwatarkwashi inda Wazirin Kano Ahmadu ya rasu. Na so su ƙwarai, amma mutanen ƙauyen nan ba darasin tarihi suka zo ji daga Baƙo ba, so suke su san ko su ɗaure kaya. Na bar jimla ɗaya-ɗaya.

Lahadi, 27 ga Yuli

Yau shekara 122 cif da yaƙin Burmi. A rana irin ta yau, a wancan gari na ƙasar Gombe kusa da kogin Gongola, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da ɗimbin mabiyansa, shi ma Manjo Marsh da ya jagoranci sojan Turawa a nan ya mutu. Tun a watan Mayu an kai wa garin hari bai ciwu ba. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya tare da ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka kafa garin Mai Wurno a Sudan, a bakin Shuɗin Nilu. Jikokinsu suna can har gobe.

Na so mu yi gwaji na musamman saboda ranar, sai ga abin da ban zata ba. A shafi na 11, bayan Ɗa ya gama roƙo, Liman ya gama ba da hujjarsa, Uwa tana da jimla mai kalma biyu: “Ya tafi.” Ni da na rubuta, labari take bayarwa. Da asuba ta duba shimfiɗarsa ba ta gan shi ba, ta fito ta shaida wa Liman: yaa tafi, da jan wasali, murya sama. Yaya kuwa ta karanta shi gajere, murya ƙasa: ya tafi, wato a bar shi ya tafi, na yarje masa.

Muka yi tsit. Na ce, “Yaya, ba haka ba ne.” Ta ce, “Ni haka na ji ta. Uwar da ka rubuta ba wadda za a sulale wa cikin dare ba ce. Ta yi shafi goma tana auna maganar nan. In yaron zai tafi, da bakinta za ta sallame shi, ko da zuciyarta na tsagewa.”

Na dawo gida na kasa barci. Gaskiyarta. Na mai da Uwa abin tausayi kawai, wadda abu ke faruwa a kanta, alhali a gidan Bahaushe ɗa ba ya kama hanyar da babu dawowa ba tare da albarkar mahaifiya ba, kuma matan da suka sa wannan albarka a 1903 sun yi nasu jihadin a bakin murhu. Na sake rubuta shafuka biyu. Yanzu jimlar tana zuwa sau biyu. Da dare ta ce ya tafi, ta ba da izini. Da asuba, bayan ƙurar ayari ta kwanta, ta ce yaa tafi. Haruffa guda, magana biyu. Wanda ya karanta a takarda ba zai ga bambanci ba, sai wanda ya zo ya ji. Wannan kaɗai ya isa dalilin tara mutane a zaure.

Da na gaya wa Malam a waya, ya ce da Basakkwaciya ce da babu wannan ruɗani, “shi tahi” za ta ce a na farkon. Ya ce in gode wa Allah da na sa ta a ƙasar Kano.

Asabar, 2 ga Agusta

Abokina da ke karanta Liman ya samu canjin wurin aiki zuwa wata jiha, zai tashi mako mai zuwa. Ya ba da haƙuri har na ji nauyi. Saura kwana 24.

Talata, 5 ga Agusta

Ɗalibina ya kawo wani abokinsa haifaffen Gusau da ke karatu a nan. Na miƙa masa shafin Baƙo ba tare da bayani ba. Yana buɗe baki na gane abin da Malam yake nufi. Bai “yi” Sakkwatanci ba, magana kawai ya yi. Har ya gyara mini wurare uku da na cusa kalmomin da ya ce a littafi kawai yake ganin su. Baƙo ya zama nasa.

Saura Liman, kuma babu kowa sai ni.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa sauran ba. Tun da na fara rubutun zuciyata tana tare da masu tafiya. Na taso ina jin labarin Attahiru a matsayin wanda ya ƙi miƙa wuya, kuma har yau tsigar jikina tana tashi in an ambaci Burmi. Liman na rubuta shi ne don a samu wanda Ɗa zai yi wa gardama. Da na karanta shi yau, sai na ji muryata tana yi masa ƙeta: tana rarrashi inda bai kamata ba, tana rawa kamar ta mai neman mafaka. Na mai da shi matsoraci ba tare da na canza kalma ko ɗaya ba.

Asabar, 9 ga Agusta

Gwaji a gaban Malam. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni, “Wa ya yi wa gawawwakin ƙauyen nan salla bayan ayari ya wuce?” Na ce Liman. “Wa ya raɗa wa jariran da aka haifa a daminar nan suna? Wa ya riƙe makarantar allon da kakanka ya yi karatu, har kai ka samu abin da kake taƙama da shi?” Ban ce komai ba. Ya ce, “To, ka karanta shi kamar mutumin da ya san za a zage shi shekara ɗari, kuma ya yarda ya ɗauka saboda makafi da guragu da tsofaffin da ba za su iya kai ko zango ɗaya ba. Ba sai ka yarda da shi ba. Amma kar ka yanke masa hukunci da maƙogwaro.”

Ya tuna mini cewa malaman wancan lokaci ba da wasa suka yi wannan muhawara ba. Masu cewa hijira ta wajaba suna da hujjarsu daga littattafan Shehu da kansa, masu cewa a zauna a yi mu'amala da zahiri a tsare addini a zuci su ma suna da tasu, kuma Waziri Buhari ya rubuta bayanin dalilinsa bayan ya nemi shawarar malamai. Dukansu kuka suke yi.

Na koma gida na goge duk alamun da na sa a shafukan Liman, na sake daga farko. Na rage masa sauri. Na sauke muryar zuwa ƙirji. Inda yake cewa, “Ku tafi da ƙafafunku, ni zan zauna da waɗanda ba su da su,” da ina ɗaga murya kamar mai kare kansa. Yanzu ina faɗin ta a hankali, kamar mai gaya wa maƙwabci abin da zai shuka bana.

Laraba, 13 ga Agusta

Maganar kiɗa. Wani ya kawo shawarar tambari don a ji amon sarauta. Na ƙi. Tambari na sarki ne, ba a buga shi don ado, kuma labarinmu na talakawa ne. Mun samu wani dattijo mai busa sarewa. Zai busa sau uku kawai: a buɗewa, bayan “ya tafi” na farko, da kuma lokacin da Baƙo ke ambaton Burmi. A kan magana ba zai busa ba ko kaɗan.

Mun kuma yarda ba za mu buɗe da “ga ta nan, ga ta nanku” ba, ko da yake tana jawo hankalin jama'a nan take. Wannan ba tatsuniya ba ce, mutane sun mutu da gaske. Baƙo zai yi sallama, ya jira a amsa, ya fara.

Asabar, 16 ga Agusta

Karon farko a cikin zauren. Rufin kwano ne, babu silin. Muna shafi na shida hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ko ni da ke kusa da Yaya ban ji abin da take faɗa ba. Agusta ce, ranar taron ma yana iya faruwa. Mun yanke cewa in ruwa ya kece za mu dakata, mai sarewa ya riƙe jama'a har ya tsagaita, ba za mu yi ta ihu muna gasa da sama ba. Ihu zai kashe Uwa, zai kashe Liman.

Makirfo biyu ne masu aiki, mu huɗu. Yaya da Ɗa za su raba ɗaya, ni da Baƙo ɗaya, wanda ya ma dace da zaman labarin. Lasifikar tana kuwwa in an matsa kusa da ita, sai muka ja teburin baya taku uku. Ɗalibina yana manna baki a makirfo, duk “f” da “b” sai su fashe. Na ce ya bar tazarar tafin hannu. An ɗauke wuta sau ɗaya, janareta kuma yana bayan taga, ƙararsa tana shigowa. Za a matsar da shi bayan ajujuwa, mu sayi ƙarin waya.

Na aika ƙanena ya zauna a layin ƙarshe ya riƙa ɗaga hannu duk inda kalma ta ɓace masa. Ya ɗaga sau 17. Yawanci ƙarshen jimla ne, inda muke haɗiye gaɓar ƙarshe saboda ido ya riga ya tsallaka layi na gaba. A Hausa kuwa sau da yawa a wannan gaɓar ma'ana take zaune, musamman “ba” ta ƙarshen korewa. In ta faɗi, “ban yarda ba” ta zama rabin magana.

Minti 39.

Laraba, 20 ga Agusta

Murya ta dushe. Na yi ta maimaitawa da dare, ga sanyin damina. Yaya ta aiko da zuma da citta da kanumfari, ta ce in sha da ruwan ɗumi, in bar ruwan sanyi, in kuma rufe bakina kwana biyu, ko raɗa kar in yi don ita ma tana gajiyar da maƙogwaro. Na bi. A aji rubutu na yi ta yi wa yara a allo.

Asabar, 23 ga Agusta

Gwaji na ƙarshe, da 'yan kallo kusan 20: iyalai, maƙwabta, da wasu malaman makarantar. Na koyi abin da babu yadda za a koya a zaure babu kowa. Jama'armu ba sa sauraro da baki rufe. Da Baƙo ya ambaci sunan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, zauren ya ɗauki salati, shi kuwa ya ci gaba da karatu a kai, jimla guda ta nutse. Da ya kai ga waɗanda suka faɗi a Burmi, aka yi ta “Allahu Akbar” da “Allah ya jiƙan su”. Waɗannan ba katsalandan ba ne, rabon jama'a ne a cikin karatun. Mun sa sanda biyu a duk wuraren, mu tsaya har su gama. Hakan zai ci kusan minti biyu, don haka na cire sakin layi ɗaya daga bakin Liman. Da wata uku baya ne da murna zan cire. Yau sai da na yi ta jujjuya takardar.

Bayan an tashi wata tsohuwa, kakar ɗaya daga cikin yaran, ta kira ni. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce kakarta ta sha gaya mata cewa wanta ya bi mutanen gabas, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, kuma har ta rasu in an yi baƙo daga hanyar Makka sai ta aika a tambaya. Ta ce, “Ɗan nan, wanda ya zauna ɗin nan, kai ne ko?” Na ce ni ne, Iya. Ta ce, “Haka kakanmu ya yi. Ban taɓa jin an faɗi nasa ba sai yau.” Ta ce za ta dawo ranar Talata da ƙanwarta.

Na roƙi a ajiye musu kujeru biyu a layin gaba, gefen da Yaya za ta tsaya.

Litinin, 25 ga Agusta, da dare

An buga takardu da manyan haruffa, shafi ɗaya-ɗaya ba gaba da baya ba, an sa su cikin bangon kwali don kar su yi ƙara a makirfo. Kowane shafi yana ƙarewa a ƙarshen jimla, ba mai juya takarda a tsakiyar magana. Fararen kaya za mu sa duka, Yaya da farin mayafi. An sayi man janareta, ƙanena ya karɓi ajiyar batura. Za mu haɗu ƙarfe uku, mu gwada sauti, mu yi La'asar a masallacin makarantar, mu fara biyar saura kwata, don mu sauka da sauran rana kafin kiran Magariba. Mai sarewa ya ce jikansa zai kawo shi a babur. Malam ya ce zai zo in ƙafa ta bar shi, na shirya wanda zai ɗauko shi.

Yaya ta bugo ɗazu. Tana tambaya tsakanin “yaa tafi” na asuba da amsar Liman, shirun nawa za ta bari. Na ce ta ƙirga biyar a zuci. Ta ce biyar ta yi kaɗan ga uwa. Muka tsaya a kan cewa ba zan buɗe baki ba sai ta ɗago kai ta dube ni.

Akwai hadari a gabas. Na jiƙa citta, na sa takardun a jaka.